Laburaren Ƙasa: Ina Kwafe Ukun Nan Suke?

A tsakiyar birnin Abuja, tsakanin babban Masallacin Ƙasa da babbar Majami'ar Ƙasa, akwai wani ƙaton gini wanda aka ba da kwangilarsa tun cikin shekarar 2006 a kan kuɗi fiye da naira biliyan 8, bisa alkawarin za a gama shi kafin shekara biyu ta cika. Wannan gini shi ne aka nufa ya zama hedkwatar Laburaren Ƙasa na Nijeriya. Har shekarar 2025 ta kama aikin bai ƙare ba, ma'aikatan laburaren kuwa sun shafe shekara da shekaru suna zaman haya a Gidan Sanusi Dantata. A watan Satumba na shekarar 2025 ne uwargidan Shugaban Ƙasa, Sanata Oluremi Tinubu, ta roƙi masu niyyar yi mata kyauta don cikarta shekara 65 da haihuwa su mai da kyautar gudummawa ga ginin, daga baya aka ba da sanarwa cewa an tara fiye da naira biliyan 20.

Maganar ginin nan ta daɗe a bakin jama'a, kuma ta cancanci a yi ta. Amma akwai wata magana da ta fi ta nauyi wadda ba a cika tayarwa ba, ita ce maganar abin da za a zuba a ciki. Gini in an samu kuɗi ana iya gama shi a kowace shekara. Littafin da aka buga shekara 30 da suka wuce, aka sayar ya ƙare, ba a ajiye ko kwafe guda ba, babu kuɗin da zai dawo da shi. Masu karatun Hausa kuwa su ne abin ya fi shafa.

Ya kamata a fara rarrabe abu biyu da mutane kan haɗa. Laburaren gari, irin wanda gwamnatin jiha ke riƙe da shi, aikinsa shi ne ya ba mutum aron littafi ya je gida ya karanta ya maido, in littafin ya tsufa ya yage a jefar a sayo wani. Laburaren ƙasa ba haka yake ba. Shi rumbu ne, kuma rumbun iri, ba rumbun abincin yau da gobe ba. An kafa shi ne don duk abin da aka buga a cikin ƙasa, mai kyau da marar kyau, na malami da na ɗan kasuwa, a ajiye shi har abada, a kuma rubuta sunansa a cikin jerin da duniya za ta iya dubawa. In an nemi littafi ko'ina an rasa, can ne wurin zuwa na ƙarshe. Dabarar kuwa tsohuwa ce. A shekarar 1537 Sarkin Faransa, Faransuwa na Ɗaya, ya yi doka cewa kowane littafi aka buga a ƙasarsa sai an kai kwafe ɗaya ma'ajiyar littattafan sarki. A Ingila kuma wani bawan Allah mai suna Thomas Bodley ya yi yarjejeniya da ƙungiyar masu buga littattafai ta Landan a 1610, su riƙa ba laburarensa na Okusfod kwafe ɗaya na duk abin da suka buga. Albarkacin wannan tsari ne Bature ke iya zuwa ya nemi ɗan ƙaramin littafin da aka sayar kan kwabo ɗaya a zamanin kakan kakansa, a ɗauko masa.

A Nijeriya, kafin a yi laburaren ƙasa, Kwalejin Jami'a ta Ibadan ce ke riƙe da wannan amana. An buɗe kwalejin a 1948, shugaban laburarenta na farko shi ne John Harris, dokar ɗab'i ta 1950 kuma ta wajabta wa masu buga littattafai su riƙa aika mata da kwafe. Daga abin da ke zuwa hannunta ne ta riƙa fitar da jerin sunayen littattafan da aka buga a Nijeriya shekara-shekara. A 1953 hukumar UNESCO ta yi wani babban taro a Ibadan a kan bunƙasa laburarori a Afirka, taron da ya zaburar da masu wannan sana'a har suka kafa ƙungiyarsu ta Afirka ta Yamma, suka kuma shiga matsa wa gwamnati lamba. Bayan samun mulkin kai, Gidauniyar Ford ta Amurka ta turo Dokta Carl White a 1962 ya zama mai ba da shawara, Majalisar Tarayya ta zartar da dokar Laburaren Ƙasa a 1964, aka buɗe ƙofarsa a titin Wesley a Ikko cikin watan Nuwamba na shekarar. Ɗan ƙasa na farko da ya shugabance shi shi ne Mista S. B. Aje. Daga cikin waɗanda suka riƙe shi bayansa akwai Alhaji Mu'azu Wali, a 2021 kuma aka naɗa Farfesa Chinwe Anunobi.

Dokar 1964 tana da gurguwar ƙafa, domin ba ta ba laburaren ikon karɓar kwafe daga ko'ina cikin ƙasar ba. Sai a 1970, shekarar da yaƙin basasa ya ƙare, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa dokar soja mai lamba 29, wadda ta gyara wannan. Abin da dokar ta ce a fili yake. Duk wanda ya buga littafi a Nijeriya, kafin wata guda ya cika da fitowarsa, sai ya kai wa Laburaren Ƙasa kwafe 3 da kuɗin aljihunsa. Biyu a ajiye su ajiya ta har abada, ɗaya a aika wa laburaren Jami'ar Ibadan. In gwamnatin jiha ce ta buga, kwafe 10 za ta kai, in Gwamnatin Tarayya ce, kwafe 25. Kalmar littafi kuma an ba ta faɗi ƙwarai, ta haɗa da jarida da mujalla da ƙasida da taswira. Tun daga nan laburaren ya karɓi aikin fitar da jerin littattafan ƙasa daga hannun Ibadan. Shi ne kuma ke ba da lambar shaidar littafi ta duniya, wato ISBN, wadda rabon Nijeriya a cikinta yake farawa da 978, da takwararta ta jaridu da mujallu. Ya kuma buɗe rassa a yawancin jihohi, ciki har da Kaduna da Kano da Jos da Inugu.

Doka dai ta yi kyau a takarda. To amma wanda ya ƙi kai kwafen fa? A kundin dokokin Tarayya na 2004 an bar tarar yadda take, ba ta wuce naira 50 ba. Lokacin da aka yanka ta kuɗi ce mai ciwo. Da tafiya ta yi tafiya sai ta koma abin dariya, don kuɗin mota zuwa reshen laburaren ma ya ninka ta sau da yawa.

A zamanin da aka yi wannan doka, buga littafin Hausa a boko aikin hukuma ne ko na babban kamfani. Hukumar Fassara wadda ta koma Hukumar Talifi a Zariya ƙarƙashin Dokta Rupert East ita ta shirya gasar 1933 da ta haifi Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Kamfanin Gaskiya ya biyo baya a 1945, sai hukumar NORLA a cikin shekarun 1950, sai kamfanin NNPC a 1966. Waɗannan gidaje ne masu ofis da akawu da littafin lissafi, sun san doka, littattafansu kuma na ɗauke da sunan mawallafi da shekara. Shi ya sa ɗalibin da ke neman So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid ko Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina ba ya shan wahala sosai. Masu tsara dokar 1970 irin waɗannan kamfanoni suke hange.

Abin da ba su hanga ba shi ne abin da ya faru daga tsakiyar shekarun 1980. Tattalin arziki ya karye, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka ja da baya suka tsaya kan littattafan makaranta. A daidai lokacin kuma yaran da shirin ba da ilmin firamare kyauta na 1976 ya koya wa karatu suka girma, suna neman abin karantawa da harshensu. Sai matasa, maza da mata, suka shiga rubutawa suna kai wa ƙananan maɗaba'u da kuɗinsu, suna kai wa 'yan kasuwa su sayar. Talatu Wada Ahmed ta fito da Rabin Raina, Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Budurwar Zuciya da Alhaki Kuykuyo Ne, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito da In Da So Da Ƙauna, Bilkisu Ahmed Funtuwa ta fito da Allura Cikin Ruwa, aka kafa ƙungiyoyin marubuta irin su Raina Kama a Kano. Ibrahim Malumfashi ya raɗa wa wannan yunƙuri suna Adabin Kasuwar Kano, sunan da ya jawo muhawara mai zafi a jaridu tsakaninsa da su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu. Ko wane ɓangare mutum ya bi a muhawarar, abu guda ba a musunsa: tun da aka fara rubuta Hausa a boko ba a taɓa buga ƙagaggun labarai masu yawan na wannan zamani ba, ba a kuma taɓa samun mata masu rubutu da yawa haka ba.

Littattafan nan fa da yawansu babu lambar shaida, babu shekarar bugu, wasu ko sunan maɗaba'a babu. Takardarsu mai araha ce, irin wadda ke yin ja ta karye in ta ga damina biyu uku. Ana buga su kashi-kashi, na ɗaya da na biyu da na uku, mai karatu ta saya ta ba ƙawarta, ƙawar ta ba wata, ko kuwa a karɓa haya a shago, har littafin ya mutu a hannun na goma. Marubuciyar da ke cikin gida a Fagge ko Funtuwa, wadda ƙanenta ne ke kai mata rubutun maɗaba'a, wa ya taɓa gaya mata akwai wata doka da ta ce ta aika da kwafe 3 Ikko? In ma an gaya mata, ita da ke fafutukar mai da kuɗin bugu, me za ta gani a ƙasa? Saboda haka dokar ta bi ta saman kansu ta wuce, su ma suka bi ta ƙarƙashinta suka wuce, ba wanda ya ga wani.

Waɗanda suka tsaya suka tattara su mutane ne ɗaiɗaiku. Farfesa Graham Furniss na makarantar SOAS ta Jami'ar Landan ya tara ɗimbin littattafan nan, kuma a 2004 shi da Malami Buba da William Burgess suka fitar da jerin sunayen ɗaruruwan waɗanda aka buga tsakanin 1987 da 2002. An buga jerin a birnin Kolon na ƙasar Jamus. Aikin da doka ta ɗora wa Laburaren Ƙasa ke nan, wasu suka yi shi a wata nahiya. Ba laifi ba ne Bature ya adana littafin Hausa, godiya ma ya kamata a yi masa. Abin kunya shi ne a wayi gari ɗalibi daga Gusau ko Azare yana bukatar biza kafin ya ga abin da gwaggonsa ta rubuta.

Akwai masu cewa ai littattafan soyayya ne, ɓatansu ba asara ba ce. An ma taɓa ƙona wasu a bainar jama'a a Kano a 2007, da sunan gyaran tarbiyya. Hukumar da ke kula da tarbiyya tana da hurumin ta ce kada a kai littafi kaza makarantar 'yan mata. Wannan daban, aikin rumbu daban. Mai rumbun iri ba ya zubar da irin maiwa don shi gero yake so. Wanda zai rubuta tarihin ƙasar Hausa nan da shekara 100, ya so sanin yadda mata suka ɗauki auren dole da kishi da saki da karatun 'ya'ya mata a ƙarshen ƙarni na 20, ba a jawabin gwamna zai samu ba, ba kuma a rahoton ma'aikata ba. A cikin waɗannan 'yan littattafai masu bangon hoton fure zai samu. Har wanda ke son kafa hujja cewa littattafan sun ɓata tarbiyya, sai an ajiye su ne zai sami abin nunawa. Alhaki Kuykuyo Ne da wasu suka raina, Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Ingilishi, wani kamfani a Indiya ya buga a 2012, ana karanta shi a jami'o'in ƙasashen waje.

Nijeriya ta riga ta ga irin wannan asara sau ɗaya. A shekarun 1950 da 1960 kasuwar Anaca ta cika da ƙananan littattafai na Turanci masu araha, na soyayya da nasiha da siyasa. Yaƙin basasa ya zo ya rusa kasuwar, sana'ar ba ta sake komawa yadda take ba. Masu binciken adabin kasuwar Anaca da dama sai sun dangana da jami'o'in Amurka da laburarorin Ingila, inda aka adana abin da baƙi suka saya suka tafi da shi. Ba a bukatar yaƙi kafin haka ta faru da na Kano. Gara da ɗigon ruwa da gobarar kasuwa da mai ƙosai mai neman takardar ƙunshi sun isa.

Jaridu ma haka. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a watan Janairu na 1939 da Abubakar Imam a kujerar edita, ta yi sa'a domin an san darajarta tun da wuri. Amma ina Zaruma ta Sakkwato, da Himma ta Katsina, da Sodangi ta Kano, da Bazazzaga ta Zariya, jaridun larduna na zamanin NORLA? Waɗannan sun riga Laburaren Ƙasa haihuwa, sai dai a bi sawunsu a Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna ko Gidan Arewa ko jami'o'i. Amma Amana ta kamfanin Concord, da Albishir da Alfijir na kamfanin Triumph na Kano, duk a ƙarƙashin dokar 1970 suka fito. Alfijir kuwa da ajami ake buga ta, abin da ya sa ta zama abu mai wuyar samun na biyu. Hakkin mai karatu ne ya shiga reshen laburaren ya nemi fitowar mako kaza na shekara kaza a ɗauko masa, in babu a gaya masa inda take.

Sai kuma littattafan ajami da na Larabci da ake bugawa don almajirai, waɗanda ake shimfiɗawa a ƙofar masallatai da kasuwar Kurmi: waƙoƙin wa'azi, da na madahu, da 'yan littattafan fiƙihu masu fassarar Hausa a gefe. Su ma bugaggu ne, dokar ta hau kansu, amma ma'aikacin da zai rubuta su a jeri sai ya iya karanta ajami. Rubuce-rubucen hannu na malaman da, irin na Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello da 'yarsa Nana Asma'u, sun sami masu kula gwargwado: Jami'ar Ibadan ta fara tattara su tun shekarun 1950, akwai su a gidan tarihi na Jos, da Jami'ar Ahmadu Bello, da Gidan Arewa da Farfesa Abdullahi Smith ya kafa a 1970, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Abin mamaki, takardar da aka rubuta da alƙalamin kara shekara 200 da suka wuce ta fi samun mai tsaronta bisa wadda inji ya buga shekaranjiya, saboda ita an san tsohuwa ce, wannan kuwa ana ganin tana ko'ina, har ranar da za a neme ta a rasa.

Laifin ba na gefe ɗaya ba ne. Laburaren ya daɗe yana fama da ƙarancin kuɗi da gidan haya, yana kuma yawan kira ga mawallafa su cika doka. Amma kira daga ofis da Turanci ba ya isa kunnen mai shagon littafi a kasuwa. Tun da dutse ba ya zuwa wurin mai niƙa, reshen Kano da na Kaduna da sauran na Arewa ya kamata kowanne ya sami ma'aikaci mai jin Hausa da karanta ajami, wanda aikinsa shi ne ya riƙa zaga maɗaba'u da shagunan littattafai, da ɗan kuɗi a hannu, yana saye yana rubutawa. Marubuta kuma, musamman ƙungiyoyinsu na jihohi, su san cewa kwafe ukun nan ba haraji ba ne. Su ne shaidar da za ta tsaya wa marubuci ranar da wani ya sace labarinsa ya yi fim da shi ko ya sake bugawa da wani suna, su ne kuma za su sa sunansa ya shiga jerin littattafan ƙasa.

Lokaci kuwa yana ƙurewa ta wata fuskar. Kasuwar bugaggun labaran Hausa ta ja baya ƙwarai tun da wayar hannu ta yawaita, marubuta da yawa sun koma sakin labari shafi-shafi ta WhatsApp da Wattpad, mai karatu ya biya ta banki a tura masa. Wannan rubutu ko gara ba ta bukata: waya ta faɗa ruwa, ko a rufe zaure, shi ke nan. Ingila ta faɗaɗa dokarta a 2013 ta haɗa da abin da aka wallafa ta intanet. Dokar da aka tsara a 1970, zamanin keken rubutu da tafireta, tana bukatar irin wannan gyara, da tarar da za ta sa babban kamfani ya ji a jikinsa, da sauƙin da zai sa ƙaramar marubuciya ta iya aika nata daga ɗakinta ba tare da ta biya ko kwabo ba.

Tsofaffin dilolin littattafai na Kano da Zariya da Kaduna da Gusau, waɗanda suka san wane ne ya rubuta me, a wace shekara, a wace maɗaba'a, wasunsu na nan da rai, wasu kuma da ragowar kaya a cikin buhuna a bayan shago. Akwai matan aure masu akwati cike da littattafan da suka tara tun suna 'yan mata. Daga cikin biliyoyin da ake lissafawa na siminti da ƙarfe da gilashi, abin da zai sayi buhunan nan da akwatunan nan, a ɗauki hotonsu shafi-shafi a kwamfuta, a zauna da dilolin a rubuta abin da suka sani, bai kai kuɗin tayil ɗin bene guda ba.